Yadda Ake Tantance Maganar da Aka Jingina wa Magabata a Muhawarar Addini da Mulki

Muhawara a kan matsayin addini cikin tafiyar da mulki ba baƙuwa ba ce a Maraɗi. Ana yin ta a zauren malamai bayan an tashi karatu, ana yin ta a fadar samari ana jiran shayi ya nuna, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna yin ta a tsakaninsu, kuma kusancinmu da Katsina da Zamfara ya sa duk abin da aka tattauna a can game da shari'a da tsarin mulki ba ya kwana bai iso nan ba. Abin da ya ƙaru a ƴan shekarun nan shi ne hoton wani dattijon Bature ko wani shehin malami, da jimla guda a ƙarƙashinsa, ana tura shi ta WhatsApp a matsayin hujjar da ta kashe bakin kowa. Masu son a raba addini da gwamnati suna da nasu hotunan, masu ƙin hakan ma suna da nasu, kuma da yawa daga cikin jimlolin ɓangarorin biyu ba waɗanda aka jingina wa ne suka faɗe su ba, wasu kuma sun faɗa amma an yanke abin da ya zo kafinsu ko bayansu.

Hanyar tantancewa ba sabuwa ba ce a wurinmu. A muƙaddimar Sahihu Muslim an kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana cikin addini, kuma ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Abin mamaki shi ne mutumin da ba zai karɓi hadisi ba sai ya ji wanda ya fitar da shi da hukuncin da malamai suka yi masa, shi ne kuma zai tura maganar wani shugaban Amurka ga mutum ɗari biyu ba tare da ya tambayi inda aka samo ta ba. Abin da ke biye duka bai wuce ɗaukar wannan tarbiyya ta isnadi a ɗora ta a kan maganganun ƴan siyasa da sarakuna da marubuta ba.

Tambayoyi huɗu kafin komai

Idan magana ta zo maka da sunan wani, ka fara neman amsar abubuwa huɗu: wa ya faɗa, a wace takarda ko wane taro, a wace shekara, kuma da wa yake magana. Maganar da ta inganta takan amsa su duka ba tare da wahala ba. Misali, kalmar nan ta Thomas Jefferson game da katangar da ta raba majami'a da gwamnati tana cikin wasiƙar da ya rubuta ranar 1 ga Janairu 1802, yana shugaban ƙasar Amurka, zuwa ga wata ƙungiyar Kiristoci ƴan Baftis ta garin Danbury, kuma rubutun hannunsa yana nan a adane. Wannan shi ne kamannin magana mai asali.

Ka kwatanta ta da wadda ake jingina wa George Washington, shugaban Amurka na farko, wai ba shi yiwuwa a yi mulki na gaskiya ba tare da Allah da Littafi Mai Tsarki ba. Ba ta da wasiƙa, ba ta da taro, ba ta da shekara, kuma masu kula da gidansa na tarihi a Mount Vernon sun sa ta cikin jerin maganganun da ba nasa ba. Haka wadda ake ba James Madison, shugaban Amurka na huɗu, wai sun ɗora makomar Amurka kacokan a kan Dokoki Goma na Attaura: masanan da suka tattara takardunsa sun duba ba su same ta ba. Ta Patrick Henry kuwa, ɗaya daga cikin jagororin neman ƴancin Amurka, wai Kiristoci ne suka kafa ƙasar a kan bishara, an bi sawunta har zuwa wata mujalla ta jihar Bajiniya a shekarar 1956, inda wani marubuci yake sharhi a kan Henry da nasa kalmomin, alhali shi Henry ya mutu tun 1799. Duk maganar da ta zo da suna kawai, babu wuri babu lokaci, ka ajiye ta a matsayin an ce, har sai ta kawo shaidarta.

Komawa harshen da aka yi maganar

Jimlar da ta iso mu da Hausa sau da yawa ta ratso Ingilishi ko Faransanci ko Larabci, wani lokaci ma ta bi ta biyu daga cikinsu, don haka neman ta da Hausa a intanet ba ya kai mutum ko'ina. Ka roƙi wanda ya turo ta ya ba ka lafazinta na asali, ka ɗauki kalmomi biyar ko shida da ke jere a tsakiyarta, ka sa su tsakanin alamun zance, ka nema. Takardun shugabannin farko na Amurka suna Founders Online, wanda hukumar adana takardun ƙasar ke kula da shi, kuma gidan tarihin Jefferson a Monticello yana da nasa jerin maganganun jabu. Tsoffin littattafai da jaridun Faransa suna Gallica, dokokinta kuma suna Légifrance. Na Larabci akwai Maktabatus Shamila don gano littafi da shafi, akwai kuma Durarus Saniyya don ganin hukuncin da malaman hadisi suka yi. Abin da ya shafi rubuce-rubucen malaman ƙasar Hausa wanda ba a buga ba, akwai sashen rubutun Larabci da ajami na cibiyar binciken Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, da Gidan Arewa a Kaduna.

A nan ne mutane suka fi ruɗuwa, domin suna ganin jimla ta fito a shafi dubu sai su ɗauka ta tabbata. Shafi dubun da suka kwafi juna kamar tulu dubu ne da aka cika daga rijiya ɗaya: idan rijiyar ta gurɓata, yawan tulunan ba ya gyara ruwan. Abin nema shi ne wuri mafi daɗewa da jimlar ta bayyana, sannan a auna tazararsa da rayuwar wanda aka jingina wa. Shahararriyar maganar nan ta Voltaire, marubucin Faransa, wai ban yarda da abin da kake faɗa ba amma zan kare ƴancinka na faɗarsa har mutuwa, ta fara fitowa ne a 1906 a littafin wata marubuciya ƴar Ingila, Evelyn Beatrice Hall, wadda ta taƙaita halinsa da nata lafazin, shi kuwa ya mutu tun 1778. Ba ƙarya ta yi niyya ba. Masu karatu ne suka ga alamun zance suka mai da sharhinta maganarsa. Wani lokaci ma mai maganar da kansa yakan musa: André Malraux, tsohon ministan al'adu na Faransa, ya ce a wata hira ta 1975 bai taɓa cewa ƙarni na 21 zai zama na addini ba, amma har yau ana buɗe laccoci da ita.

Auna shekara da muƙami

Mataki mafi sauƙi, wanda kuma ya fi saurin tona asirin takardar jabu, shi ne a tambaya ko mutumin yana wurin da aka ce, yana kuma riƙe da muƙamin da aka ce, a ranar da aka ambata. Akwai wata takarda da ta daɗe tana yawo a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wai jawabi ne ga ƴan mishan da za su tafi Kwango, ana umartar su da su yi amfani da bishara don kare amfanin masu mulkin mallaka, su koya wa baƙar fata son talauci da biyayya. Wani kofi yana cewa Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ne ya yi shi a 1883, wani kuma yana cewa ministan yankunan mallaka Jules Renkin ne a 1920. Rubutu ɗaya da ubanni biyu da tazarar shekara 37 ya riga ya isa abin tuhuma. Idan aka ƙara dubawa kuma, Renkin ya riƙe wannan ma'aikata ne daga 1908 zuwa 1918, don haka a 1920 wani ne ministan, kuma masana tarihin Kwango sun daɗe da bayyana takardar a matsayin ƙirƙira. Irin wannan ce ta Macaulay, ɗan siyasar Ingila, wai ya yi jawabi a majalisar Ingila ranar 2 ga Fabrairu 1835 yana neman a rusa al'adu da addinin mutanen da ake mulka. A wannan rana yana Indiya, kuma kofin da ke yawo a wurinmu an cire sunan Indiya ne kawai aka sa Afirka.

Wanda ya ƙi waɗannan takardu ba wanke masu mulkin mallaka ya yi ba. Zaluncin da aka yi a Kwango a ƙarƙashin Leopold yana da shaidu na gaskiya masu yawa, kuma a takardar da Macaulay ya rubuta da gaske a wannan rana game da ilimi ya ce kanta guda ta littattafan Turai ta fi dukkan adabin Indiya da ƙasar Larabawa. Mai hujja irin wannan a hannu ba shi da bukatar jabu, kuma idan ya yi amfani da jabun ya ba abokin muhawararsa ƙofar da zai yi watsi da gaskiyar tare da ƙaryar.

Karanta abin da ya gabata da abin da ya biyo

Akwai maganar da lafazinta daidai ne, sunan ma daidai ne, amma ma'anar an juya ta da almakashi. John Adams, shugaban Amurka na biyu, ya rubuta wa Jefferson a watan Afrilu 1817 cewa sau da yawa yakan kusa cewa duniya da ta fi kyau idan babu addini a cikinta. Masu adawa da addini suna tsayawa a nan. Amma a jimlolin da ke biye ya ce da ya faɗi haka da ya zama mai tsattsauran ra'ayi, kuma in babu addini duniya za ta zama jahannama. Ƙa'ida ita ce kada ka kafa hujja da jimla sai ka karanta aƙalla sakin layin da take ciki gaba ɗaya, in da hali ma wasiƙar ko jawabin duka.

Yarjejeniyar Tarabulus ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta haɗa kusan dukkan matsalolin a wuri ɗaya, kuma ta shafi Musulmi kai tsaye. An ƙulla ta a 1796 tsakanin Amurka da mahukuntan Tarabulus, a ƙasar Libiya ta yau, kuma aya ta 11 a rubutun Ingilishi tana cewa gwamnatin Amurka ba a kafa ta a kan addinin Kirista ba ta kowace fuska, kuma ba ta da gaba da dokoki ko addini ko zaman lafiyar Musulmi. Sau da yawa ana sa hoton Washington a kan wannan jimla kamar daga bakinsa ta fito. An yi shawarwarin ne a zamaninsa, amma ba shi ya rubuta ta ba. Joel Barlow, wakilin Amurka, ne ya samar da rubutun Ingilishin, majalisar dattawa ta amince da shi a watan Yuni 1797 ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta ƙi ba, Adams kuma ya sa hannu. Daga baya, a 1930, masanin Larabci ɗan ƙasar Holan Snouck Hurgronje ya duba rubutun Larabcin ya ga babu wannan aya a cikinsa, wata wasiƙa ce daga mai mulkin Aljeriya zuwa ga na Tarabulus take a wurin. Sai ɗaya ɓangaren ya ce ashe ayar jabu ce. Wannan ma wuce gona da iri ne, domin rubutun Ingilishin shi aka karanta wa ƴan majalisa, shi suka amince da shi, shi aka buga a jaridu. Mai son gaskiya zai faɗi duka: jimlar ta yarjejeniya ce ba ta Washington ba, majalisa ta amince da ita, babu ita a Larabci, kuma ba a maimaita zancen addinin Kirista ba a sabuwar yarjejeniyar 1805.

Namu na gida: mai faɗa da mai ruwaitowa

Da ya kamata a ce maganganun malamanmu sun fi samun kariya, amma a nan ma ana sakaci, kuma sakacin ya fi nauyi saboda wani lokaci yana kaiwa ga jingina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da bai faɗa ba. Kowa a ƙasar Hausa ya san maganar nan cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, kuma kusan kowa yana cewa ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce. Tana cikin littafinsa Bayanu Wujubil Hijra, wanda ya kammala a 1806, amma ta girme shi da ƙarnuka: tana cikin littafin siyasa na waziri Nizamul Mulki, wanda ya rasu a 1092, da littafin nasiha ga sarakuna da ake jingina wa Imamu Gazali. Shehu ya kawo ta ne kamar yadda malaman zamaninsa suke kawo maganar magabata, don haka lafazin da ya dace shi ne a ce Shehu ya kawo ta a littafinsa. Masu cewa hadisi ce su sani malaman hadisi ba su tabbatar da ita ba. Masu kafa hujja da ita a kan cewa Shehu ya yarda a raba addini da mulki kuma su buɗe littafin su gani: a kan wajabcin hijira da naɗa shugaba da jihadi yake, gargaɗi ne ga sarkin Musulmi a kan zalunci.

Haka ta Ibnu Taimiyya, cewa Allah yana taimakon daula mai adalci ko da kafira ce. Tana cikin rubutunsa a kan hisba, amma ya gabatar da ita da lafazin ana ruwaitowa, a wani wurin kuma da an ce, wato shi ma ɗauko ta ya yi. A ɗaya ɓangaren akwai maganar cewa addini da mulki tagwaye ne, wadda Gazali ya kawo kuma ake yawan faɗa kamar nassi. Tsoffin marubutan Larabci da kansu sun jingina asalinta ga Ardashir, sarkin Farisa da ya yi zamani ƙarnuka kafin Musulunci, kuma addinin da yake nufi na Majusawa ne. Wannan bai sa ta zama ƙarya ba, bai kuma hana malami amfani da ita ba, amma hikimar sarakuna ce, ba aya ba ce ba hadisi ba. Son ƙasa yana cikin imani, wadda ake yawan ji a jawaban bukukuwan ƙasa, Sagani ya sa ta cikin ƙagaggun hadisai, Sakhawi kuma ya ce bai same ta ba.

A ganina wannan shi ne wurin da ake gane mai bincike na gaskiya: ya tsananta wa maganar da ta yi masa daɗi fiye da wadda ta ɓata masa rai, domin wadda ta ɓata masa rai ba sai an roƙe shi zai bincike ta ba.

Idan zancen doka ne, a buɗe dokar

Wani nau'in jinginawa shi ne a ce doka kaza ta ce, alhali ba ta ce ba. Katangar Jefferson ba ta cikin tsarin mulkin Amurka. Abin da ke cikin gyara na farko, wanda ya fara aiki a 1791, shi ne majalisa ba za ta kafa addinin gwamnati ba kuma ba za ta hana kowa yin addininsa ba, kotun ƙoli ce ta ɗauko kalmar wasiƙar ta yi fassara da ita, musamman a hukuncin 1947. Dokar Faransa ta 9 ga Disamba 1905 ta ce jamhuriya tana tabbatar da ƴancin imani, kuma ba ta amincewa da wani addini a hukumance, ba ta biyan albashinsa, ba ta ba shi tallafi, amma kalmar layisite, wato raba gwamnati da addini, da ake ta jayayya a kanta ba ta cikin ayoyinta. A tsarin mulkin 1946 da na 1958 ne aka siffanta jamhuriyar da ita. A Nijar, tsarin mulkin 1960 ya yi amfani da wannan siffa, na 25 ga Nuwamba 2010 kuwa, wanda aka dakatar a 2023, bai yi ba: aya ta 3 ta ambaci raba gwamnati da addini cikin ginshiƙan jamhuriya, aya ta 8 kuma ta ce jamhuriya tana girmama dukkan addinai tana kare su, kuma babu addinin da zai mallake ikon siyasa ko ya tsoma baki cikin harkokin gwamnati. A Nijeriya, sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati, iyakar abin da ya faɗa ke nan. Don haka duk wanda ya ce maka tsarin mulki ya ce, ka tambaye shi na wace shekara da aya ta nawa, sannan ka tabbatar ko shi ne ke aiki a yau, domin ƙasarmu ta sauya kundi sau da dama, kuma gani ya kori ji.

Yadda za ka faɗa, da yadda za ka gyara wa wani

Bayan bincike, lafazinka ya nuna matsayin da ka samu. Idan ka ga maganar a takardar mutumin, ka ce ya rubuta a wuri kaza shekara kaza, kamar yadda za a ce marubuci Victor Hugo ya faɗa a majalisar Faransa a watan Janairu 1850 cewa yana son majami'a ta zauna gidanta gwamnati ta zauna nata. Idan wani ne ya ji ya ruwaito, ka ambaci mai ruwaitowar. Idan shi mai maganar ya ɗauko ta ne daga wani, ka faɗa, kamar yadda ɗan siyasar Faransa Gambetta ya yi a 1877 lokacin da ya kira tsoma bakin limaman majami'a cikin siyasa abokin gaba, ya ce kalmar abokinsa Peyrat ce. Idan ba ka sami asali ba, ka ce ana jingina masa amma ba a same ta a rubutunsa ba, kada ka yi saurin cewa bai taɓa faɗa ba, domin wannan da'awa ce da ita ma take bukatar hujja. Idan kai ne ka fassara zuwa Hausa, ka bayyana cewa fassararka ce, ka ajiye lafazin asali kusa don mai son dubawa.

Gyara wa wani kuma yana da nasa ladabi. Idan malami ne ko dattijo ya kawo maganar a wa'azi ko a rediyo, ba a tsakiyar jama'a ake tare shi ba. A same shi shi kaɗai a ce, Allah gafarta Malam, na nemi maganar nan da aka kawo ban same ta a littafin ba, ga abin da na gani, ko akwai wani bugun da ban sani ba? Sau da yawa shi ma turo masa aka yi, kuma idan aka ba shi shafin a hannu shi da kansa zai gyara a zama na gaba. Idan a rukunin WhatsApp ne, ka sa hoton shafin ko adireshin takardar tare da gyaran, ka taƙaita a kan jinginawar kawai ba tare da ka taɓa ra'ayin mutumin a kan addini da mulki ba, kuma idan kai ma ka riga ka tura ta wasu rukunoni, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da gyaran.